Sautin da Aka Ƙera da Hannu: Tsokaci a Kan Kiɗan William Onyeabor na Inugu

Al'adar tarken waƙar baka a wajenmu, tun daga ajin farko na jami'a har zuwa kundin neman digiri, ita ce a kwafe ɗiyan waƙa a takarda, a fitar da jigo, a warware shi, a bi salo da zubi da tsari, sa'annan a cika da cewa mawaƙin yana amfani da kalangu ko kotso ko taushi. Kiɗan kansa layi ɗaya yake samu, tamkar direban da ya kawo baƙo wurin biki, a ba shi ruwa a bakin ƙofa a sallame shi. Wannan hanya ta yi mana rana a kan Narambaɗa da Shata, domin maganarsu tana da nauyin da za ta tsaya da ƙafarta ko da an ɗauke ganga. Amma akwai makaɗan da in an bi da su ta nan an yi musu fashi da rana tsaka, saboda mafi yawan abin da suke faɗa yana cikin sautin ne, kalmomin 'yan rakiya ne kawai. William Onyeabor yana cikin irin waɗannan, kuma da shi muke son gwada ma'aunin namu mu ga inda ya gaza.

An haifi Onyeabor a 1946, ya kuma rasu a Inugu ranar 16 ga Janairu, 2017. Tsakanin 1977 da 1985 ya fitar da faya-fayan garmaho takwas, daga Crashes in Love zuwa Anything You Sow, dukkansu a ƙarƙashin kamfaninsa na kansa mai suna Wilfilms. Shi ne mai waƙa, shi ne mai situdiyo, daga baya ma har injin buga faifai ya kafa a Inugu, ta yadda tun daga tunanin waƙa har zuwa kwalin da za a sa ta babu wanda yake jira. Bayan 1985 ya jingine wannan kiɗa, ya duƙufa ga kasuwanci da addininsa na Kirista, ya kuma riƙa ƙin yin magana a kan abin da ya wuce. Sai a 2013 ne kamfanin Luaka Bop na Amurka, wanda David Byrne ya kafa, ya tattara wasu waƙoƙinsa ya fitar a faifai mai suna Who Is William Onyeabor?, daga nan ne Turai da Amurka suka yi ca a kansa. Sunan faifan tambaya ce, kuma marubutan can sun ɓata tawada mai yawa a kan wannan tambaya, wato wane ne mutumin, ina ya sami kuɗi, don me ya yi shiru. A ganinmu wannan neman labari ne. Abin da ya shafi matarki shi ne me kunne yake ji in an ɗora faifan.

Bari mu fara da gwada shi da ma'auninmu na gado. Da Ingilishi yake waƙa, Ingilishi mai sauƙi, kuma jigoginsa ba su da yawa: soyayya, gargaɗi, tsoron ranar gobe, da ƙyamar yaƙi. A Better Change Your Mind ta 1978 yana kiran manyan ƙasashen duniya ɗaya bayan ɗaya yana ja musu kunne a kan girman kai. Why Go to War ta 1979 sunanta ya isa bayani, kuma in aka tuna cewa daga Inugu ta fito, garin da ya zama hedikwatar Biyafara a 1967, shekara tara kacal bayan ƙare yaƙin basasa, za a ji tambayar tana da nauyi fiye da yadda take a takarda. Good Name ta 1983 tana cewa suna nagari ya fi dukiya. Anything You Sow kuwa karin maganar nan ne da kowane Bahaushe ya sani game da shuka da girbi. Ke nan in ɗalibi ya kwafe waɗannan waƙoƙi ya kawo mana, da ƙyar su cika shafi uku, babu kinaya mai zurfi, babu habaici, babu siffantawar da za ta tsayar da mai karatu. Da wannan ma'auni hukuncin a fili yake: mawaƙi ne mai rauni. Sai dai kuma mutane sun yi rawa da When the Going Is Smooth and Good a kudancin ƙasar nan tun 1985, waƙar da ta haura minti 12 a kan 'yan kalmomi kaɗan. To, me ya riƙe su?

Amsar tana cikin na'urar da ya rungumi kiɗansa da ita, wato sintesaiza ta analog, kuma dole mu ɗan daɗe a nan domin wanda bai san yadda take aiki ba zai ɗauka fiyano ce irin wadda ya saba gani a gidan biki. Duk abin kiɗan da muka sani yana fitar da sauti ne ta hanyar karkarwar wani jiki: fata a ganga, tsarkiya a goge, iska a cikin algaita. Ita sintesaiza babu fata babu tsarkiya, wutar lantarki ce take karkarwa a cikinta, lasifika kuma ta mayar da wannan karkarwa abin ji. Robert Moog, wani injiniya Ba'amurke, ya nuna tasa ta farko a 1964, akwatuna ne jere kamar allon musayar waya na gidan tarho, sai an haɗa wannan da wancan da igiyoyi kafin a ji ko uffan. A daidai wannan lokaci Don Buchla yana ƙera tasa a Kalifoniya, shi kuwa ya ƙi sa mata madannai irin na fiyano, don kada ta zama baiwar kiɗan Turai na da. Ta Moog ce ta ci kasuwa, musamman bayan da Wendy Carlos ta fitar da Switched-On Bach a 1968. A 1970 aka fito da Minimoog, ƙarama mai madannai 44 wadda mutum ɗaya zai ɗauka, kuma daga 1972 Stevie Wonder ya nuna wa duniya cewa wannan na'ura tana iya yin kiɗan rawa na baƙar fata. Na'urorin Moog suna cikin waɗanda Onyeabor ya shigo da su Inugu.

Aikinta kashi uku ne. Da farko akwai uwar sauti, wadda take haifar da ɗanyen amo marar fasali. Minimoog tana da irin wannan uwa guda uku, kuma kowace tana iya ba da amo mai siffa dabam: akwai mai siffar haƙoran zarto, wanda yake da kaifi da ƙaiƙayi a kunne kamar algaita, akwai mai kusurwa huɗu wanda yake fitowa kamar daga cikin kogo, akwai mai kusurwa uku mai taushi kamar sarewa. Na biyu ita ce rariya. Ɗanyen amon nan cike yake da tsakuwa, wato ƙananan sautuka masu tsini da suke hawa a kan babban, rariya kuwa ita take tace su. In aka rufe idonta sai amon ya yi kauri ya dushe, ya koma gurnani. In aka buɗe sai ya washe ya yi haske har ya kai ga tsuwa. Rariyar Moog ita ce abin da ya yi mata suna, kuma a kanta ne ya yi rajistar mallakar fasaha. Na uku shi ne abin da za mu kira rayuwar sauti, wato yadda zai taso, da yadda zai sauka, da inda zai tsaya muddin yatsa yana kan madanni, da yadda zai mutu bayan an ɗaga. Sautin gula a kan ganga yakan taso farat ɗaya ya mutu nan take, na goge kuwa yakan taso sannu ya daɗe. A sintesaiza makaɗi ne yake yanke wa kowane sauti irin rayuwar da zai yi, ta hanyar murɗa wasu 'yan kunnuwa irin na akwatin rediyo.

Abu biyu ne suka biyo bayan wannan, kuma su ne ginshiƙin maganarmu. Na ɗaya, irin su Minimoog ba su da wurin ajiye sauti. In makaɗi ya wuni yana murɗe-murɗe har ya dace da amon da ya yi masa, to da zarar an taɓa kunnuwan nan ya tafi, sai dai in ya zana matsayinsu a takarda. Sai a 1978 Prophet-5 ta zo da ma'ajiya mai ɗaukar sautuka 40. Na biyu, uwar sautin ba ta zama wuri ɗaya, zafi yana sa ta zamewa sama ko ƙasa, dole a riƙa daidaita ta. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗin kalangu yana shanya gangarsa a rana da damina don fatar ta ɗame ya san wannan hali. Kamannin ma ya wuce nan. Makaɗin kalangu da hannu ɗaya yake bugu, amma maganar gangar tana hammatarsa, inda yake matse igiyoyi yana saki, sautin yana hawa yana sauka kamar karin harshe. Mai Minimoog shi ma hannun dama yana kan madannai, na hagu yana kan kunnen rariya ko kan 'yan tayoyi biyu da suke gefe, yana lanƙwasa sautin yana cikin tafiya. Ga shi kuma ba ta fitar da sauti biyu a lokaci guda, murya ɗaya gare ta kamar goge, kamar ɗan Adam. Ba muna nufin Onyeabor ya kwaikwayi kalangu ba ne, babu hujjar faɗin haka. Abin da muke nufi shi ne kunnen da ya tashi da kalangu da goge ya fi kusa da gane wannan na'ura fiye da yadda mai shi yake zato.

Yanzu sai mu koma ga faya-fayan. A Atomic Bomb ta 1978 ƙungiyar makaɗa ce sosai take aiki, da ganguna da jita da mata 'yan amshi, sintesaiza kuwa baƙuwa ce da aka ba wuri a gefe. Tana shigowa ne tsakanin ɗan waƙa da ɗan waƙa, tana karkarwa tana lanƙwashewa, wani lokaci kamar fito wani lokaci kamar kukan tsuntsun da ba a san irinsa ba. Abin lura shi ne yadda aka ba ta gurbin mai amsawa: shi ya faɗa, mata su amsa, na'ura ta amsa wa matan. Waƙar soyayya ce da ta ari sunan makamin ƙare-dangi, kuma kalmomin ba su iya ɗaukar wannan kwatanci mai girma haka ba. Sautin ne ya ɗauke shi, domin shi ne yake sa mai sauraro jin cewa akwai wani abu da yake tafasa a ƙarƙashin muryar nan mai sanyi wadda ba ta ko ɗagawa.

Shekara biyar bayan haka, a Good Name, baƙuwa ta gaje gida. Faifan waƙa biyu ne kacal, kowane gefe ɗaya, kuma wadda aka sa wa faifan sunanta ta kai kimanin minti 10. An sallami mai ganga, injin bugu ya karɓi aikinsa, yana sara ba gajiya ba numfashi. A ƙarƙashinsa akwai wani gajeren zagaye na amo mai kauri da yake komowa kamar jakin ban-ruwa, a samansa kuma ƙananan sautuka masu tsini suna tsalle suna ɓacewa. Wanda ya saurara da kunnen neman sabuwar magana zai ce ai abu ɗaya ake ta maimaitawa, kuma a takarda haka ne. Amma zagayen da ya dawo ba ya dawowa da fuskar da ya tafi da ita. Nan ya yi kauri, can ya sirance, wani sauti ya shigo ya zauna a kansa, wani ya janye ya bar fili. Maimaicin shi ne zaren tsaye, canjin launin amo shi ne na kwance, kuma sai an haɗa su ake samun ƙyalle. A nan ne muke ganin gwanintarsa ta kai matuƙa. Ya ɗauki magana guda ta wa'azi, ya ƙi ƙawata ta da azanci, ya bar inji yana nanata ta har ta daina zama ra'ayin mutum ɗaya ta koma kamar doka. Muryar tasa ma ba ta roƙo ba ta lallashi, sanarwa take yi, irin ta mai shela. Mu da muka san yadda amshi guda yake riƙe waƙar Shata ta rabin sa'a bai kamata wannan dabara ta zame mana baƙuwa ba. Bambancin kawai shi ne a wajen Shata ɗiyan waƙa ne suke sauyawa a kan amshi, a wajen Onyeabor kuwa jikin sautin ne yake sauyawa.

Ba kowane lokaci dabarar take ci ba. Akwai waƙoƙin da zagayen yake tsayawa cik, babu hannun da yake motsa shi, sai tsawon ya zama tsawo kawai, mai sauraro ya fara duban agogo. A irin waɗannan wurare raunin kalmomin yakan fito fili, don babu abin da ya lulluɓe shi. Har ila yau wasu daga cikin waƙoƙinsa na soyayya, irin su Fantastic Man, yabon kai ne ya cika su, matan amshi kuwa aikinsu tabbatarwa. Akwai barkwanci a ciki, ba mu musa ba, amma barkwancin da ya daɗe yakan gundura. Masu yabonsa na ƙetare sukan haɗiye duk wannan su ce ai ya riga zamaninsa, wai ya hango kiɗan rawa na inji da ya tashi a Cikago da Ditroyit a shekarun 1980. Wannan yabo ne mai ƙaiƙayi, domin yana auna mutumin Inugu da abin da wasu suka yi daga baya a wani wuri, kamar dai darajarsa ita ce ya yi kama da su.

Sauran batu shi ne aiwatarwa, kuma a nan ne ma'auninmu ya fi shiga tsaka mai wuya. A darasin adabin baka muna koyar da cewa waƙa ba ta cika sai a gaban jama'a: ga makaɗi, ga wanda ake yi wa, ga masu kari, ga maroƙi yana zuga, kuma abin da ya faru a dandali yana shiga cikin waƙar. Onyeabor bai hau dandali da waɗannan waƙoƙi ba. Wasansa a situdiyo ya yi shi, shi da na'urorinsa da tef mai layi-layi, yana ɗora sauti a kan sauti. Da aka tashi kai kiɗan gaban jama'a a 2014, wasu ne suka yi, ƙungiyar da aka kira Atomic Bomb! Band ƙarƙashin jagorancin Ahmed Gallab, ɗan asalin Sudan, tare da David Byrne da Damon Albarn da tagwayen nan Lijadu Sisters a wasu daga cikin wasannin, a Landan da Niyok da sauran birane. Shi kansa yana Inugu bai je ba. Abin da mutum ɗaya ya tara a ɗaki sai da aka jera makaɗa cike da dandali kafin a tayar da shi. Shin ke nan za mu ce babu aiwatarwa a aikinsa? A ganinmu akwai, sai dai ta ƙaura ne daga dandali ta koma cikin tef. Tun da na'urar ba ta ajiye sauti, kuma zafi yana juya ta, duk murɗawar da aka ɗauka ta faru ne sau ɗaya, a wata rana, da wani hannu. Wannan shi ne ainihin abin da muke nema a aiwatarwa, wato abin da ba zai sake faruwa daidai yadda ya faru ba.

Ba Inugu kaɗai aka yi irin wannan gwaji ba. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kaɗe-kaɗensa a 1978 da wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya zuba mata karin waƙoƙin gargajiya na Nijar, aka daɗe ana jin su a rediyo da talabijin na ƙasar a tsakanin shirye-shirye. Shi ma a 2013 ne kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin. Ogan ba ta kai sintesaiza sakin fuska ba, sautukanta ƙididdigaggu ne, amma hannun mutum yana bayyana a aikin nasa, kuma ya cancanci nazari na kansa daga ɗalibanmu, tun da shi kam na gida ne.

Abin da ya iso Kano daga baya wani abu ne dabam. A 1983, shekarar da Good Name ta fito, kamfanin Yamaha ya fitar da DX7, mai aiki da lissafin lambobi. Tana da tsabtar amo, ba ta zamewa, tana zuwa da sautuka 32 shiryayyu, amma ƙera sabon sauti a cikinta yana da wuyar da ta sa mafi yawan makaɗa suka haƙura da na kamfani. Daga wannan gida na dijital ne fiyanon Yamaha samfurin PSR ta fito, wadda ta mamaye situdiyoyin finafinan Hausa tun daga tsakiyar shekarun 1990, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi a rubuce-rubucensa. Ba mu raina ta ba. Ta ba yaran da ba su gaji kiɗa ba damar shiga sana'ar da a da sai ɗan gado, kuma wannan ba ƙaramin juyi ba ne. Amma mai fiyano zaɓen sauti yake yi daga jerin da aka shirya masa a Japan. Ya danna lamba kaza ya sami sarewa, ya danna kaza ya sami ganga, kuma sarewar da ya samu ita ce ta maƙwabcinsa, yau da gobe da jibi. Shi ya sa za a ji waƙoƙi goma na mawaƙa goma da murya goma, amma jikin kiɗan guda.

Matarkin da yake son ya faɗi wannan bambanci ba ya bukatar aron kalmomi. Hausa ta riga ta raba amo da ƙara, ta raba gurnani da ruri da tsuwa da fito da shewa, tana cewa sauti ya yi kauri ko kaifi ko zaƙi, ya dushe ko ya washe, kuma makaɗan kalangu da masu gyaran goge suna da nasu kalmomin na sana'a waɗanda ba su cika shiga kundayenmu ba. Da waɗannan muka yi ƙoƙarin sauraron Good Name a sama, kuma sun kai mu inda jigo da warwararsa suka tsaya suka bar mu tun a minti na farko, alhali saura minti tara.